Ranar da Sunan Ɗan Fari Ya Ɓace Mata

Wata rana wata malamar firamare, Malama Balaraba, ta je tasha da kwali za ta aika wa ɗanta saƙo Kaduna.

Kuka ce a ciki, da daddawa, da man shanu. Irin saƙon da uwa kan aika wa ƙaton da ya yi aure har ya haihu, sai ka ce a Kaduna ba a sayar da kuka.

Direba ya karɓi kwalin, ya zaro biro daga bayan kunne, ya tambaye ta sunan da zai rubuta.

Ta buɗe baki.

Shiru.

Direba ya dube ta, sai ya fashe da dariya. Ya ce wa 'yan kamasho ai ɗan fari ne, a bar Hajiya da kunyarta. Wani ya ce haka tsohuwarsa take, har ta koma ga Allah bai taɓa jin sunansa a bakinta ba.

Ta miƙa wayarta, aka kwafi lamba, aka cusa kwalin a but ɗin mota.

Ba su yi ƙarya ba, ɗan farin ne. Kun san al'adarmu: uwa ba ta kama sunan ɗan fari. Tun yana zanen goyo "Babba" take ce masa, a wayar ma haka ta rubuta.

Amma rannan ba kunya ce ta riƙe mata harshe ba.

Sunan ta nema a kanta ta rasa.

Ga fuskarsa tana gani. Ga tabon goshinsa na faɗuwa daga keke. Har launin ragon sunan tana tunawa. Sunan kuwa ya ce ɗauke ni inda kika ajiye.

Ta samu benci ta zauna. Zufa ta karyo mata, alhali kwana aka yi ana ruwa, kowa a takure yake.

Ba yau abin ya fara ba. Takan shiga ɗaki ta tsaya tana tunanin me ya kawo ta. Takan zuba gishiri a miya, ta dawo ta ƙara. A salla sai ta rasa raka'a ta nawa take, har sujadar rafkanuwa ta zame mata jiki.

Ga saurin fushi. Ita wadda ɗalibai ke so saboda sanyin hali, yanzu ƙarar jan kujera kaɗai ta isa ta balbale aji da faɗa, ta koma ofis tana share hawaye.

Tsoro ne fal ranta. Ta ga yadda ƙanwar mahaifinta, Gwaggo Kande, ta ƙare: ruɗewa ta yi har ba ta gane 'ya'yanta, sai da aka riƙa kulle mata ƙofa.

To idan ita ma hankalinta ya tafi, wa zai kula da Malam?

Malam mijinta ne. Shekaru ke nan da ɓarin jikinsa ya shanye. Ita ke masa wanka, ita ke juya shi a shimfiɗa, ita ke ba shi abinci a baki kafin ta ruga makaranta. Duk sanda yara suka kira, amsarta ɗaya ce: lafiya ƙalau, kada su damu.

A ƙarshen bencin akwai wata dattijuwa da ke jiran mota ta cika. Ita kaɗai ce ba ta yi dariya ba ɗazu. Ta jima tana kallon yadda Malama ke fifita da gefen hijabi.

Can ta matso, ta rage murya.

"'Yar'uwa, kunya ce, ko ɓace miki ya yi?"

Malama ta dube ta. Wata da watanni tana ɓoye abin nan, ko ƙawayenta ba su sani ba.

"Ɓace min ya yi."

"Na sani. Mai kunya ƙasa take kallo. Ke sama kika kalla, kina nema."

Ashe tsohuwar ma'aikaciyar jinya ce da ta yi ritaya. Ta shiga jero mata tambayoyi kamar mai bin sawun akuyar da ta ɓata. Al'ada tana zuwa daidai, ko ta fara wasa? Zafi na taso mata haka kawai? Yaushe rabonta da barci mai nauyi? Wa ke kama mata aikin gida?

Ta amsa su ɗaya bayan ɗaya. Ta ƙarshen kuwa amsarta ita ce: babu kowa.

Dattijuwar ta bayyana mata cewa idan al'ada ta kusa ɗaukewa, sinadaran jikin mace kan yi ta hawa da sauka. Barci ya lalace, rai ya riƙa saurin ɓaci, tunani ya yi hazo. Idan kuma aka ɗora wannan a kan damuwar da ta shekara ba a sauke ba, ƙwaƙwalwa sai ta zama kamar mai girki da tukwane da yawa a wuta: dole wata ta ƙone.

Ta ce akwai mata da yawa da abin ke yi musu sauƙi idan jiki ya daidaita kuma aka rage musu kaya. Amma kada ta tsaya a maganar benci, ta je asibiti a duba ta sosai, don akwai wasu larurorin da kan zo da irin wannan mantuwa.

Mota ta cika, dattijuwa ta shige. Ko sunanta Malama ba ta tambaya ba.

A cikin adaidaita a hanyar gida, tana kallon masu gasa masara a bakin titi, ba ta ma nemansa, sunan ya faɗo mata.

Nazifi.

Ta je asibitin. Aka yi gwaje-gwaje, likita ta ce ba ta ga alamar ciwon Gwaggo Kande ba. Ta ba ta magani da shawarwari, ta ce ta dawo a sake dubawa. Sannan ta ƙara da cewa akwai abin da ba a sayarwa a kemis: hutu, da wanda zai karɓe ta.

Da yammar nan Malama ta ɗauki waya ta kira Kaduna.

Yana ɗagawa ta ce, "Nazifi."

Mutumin da ya zama magidanci har da 'ya'ya, yau ya fara jin sunansa a bakin mahaifiyarsa.

"Umma... lafiya kuwa?"

Saura kaɗan ta ce ƙalau, don bakin ya saba.

"Dubawa na yi ko sunan yana nan. Yana nan. Amma ni na gaji, Babba. Ka tara ƙannenka, ku zo mu raba jinyar babanku."

Ranar Asabar da hantsi ya yi sallama a ƙofar gida, da jakar kayansa a kafaɗa.

Darasi: Ba duk shirun uwa ne kunya ba, ba kuma duk "lafiya ƙalau" ce lafiya ba. Idan mahaifiyarka, ko matarka, ko yayarka ta kai waɗannan shekarun ta fara mantuwa da saurin fushi, kada ka ce tsufa ne ko rigima. Tambaye ta barcinta. Tambaye ta wa ke karɓarta. Raka ta asibiti.

Ke kuma da abin ke faruwa da ke, ba ke kaɗai ba ce. Ki faɗa.

Ku tura wa wanda ya kwana biyu bai tambayi mahaifiyarsa "yaya jikinki?" ya tsaya ya saurari amsar ba.