Malama Mai Awo da Lungun da Ba a Gani Daga Sama

Kullum kafin a buɗe ƙofar kwalejin fasaha, Malama Mai Awo ta riga ta zaga unguwa. Jaka a kafaɗa, tef ɗin awo a hannun dama, waya a hagu, tana tafe leɓenta na motsi. Baƙo zai ɗauka addu'a take yi, nan kuwa taku take ƙirgawa. Shekara talatin da ɗaya tana koyar da zanen gine-gine, ƙarshen watan nan za ta ajiye alli. Mu da ke zama bakin hanya shaida ne, ta kashe takalma fiye da masinja.

Ɗalibanta sun ce ranar farko ba ta barin kowa ya taɓa kwamfuta. Waje take kora su: "Ku je ku gano mini inda inuwa ke sauka da azahar, sannan mu yi maganar gini." Ita ta buɗe wa unguwarmu shafi a intanet, taswirar da kowa ke iya ɗora alama a kai: nan ruwa ke kwanciya, nan fitila ta mutu, nan kwata ta ci ƙafar mutum biyu. Har inda tsuntsaye ke jeruwa a kan wayar lantarki yana ciki. Ni na roƙa aka sa, kuma ba ta yi mini dariya ba.

Bara ne aka san ko wace ce ita. Ofishin tsara birni ya sa zanen sabuwar tashar mota a shafinsa, ya ba jama'a kwana goma su faɗi ra'ayi. Malama ta buɗe zanen a aji. Katangar tashar ta bi ta bakin wani lungu, amma a zanen babu lungun sam. Daga hoton da ake ɗauka daga sama aka yi zanen, shi kuwa lungun, kwanon rufin gidajen hagu da na dama sun daɗe da haɗewa a kansa. In ka duba daga sama, rufi ɗaya za ka gani.

Ta wannan lungu wani ɗan unguwarmu da ake kira Tela ke zuwa asibiti. Sau uku a mako ake yi masa wankin ƙoda, matarsa ke tura shi a keken guragu, minti bakwai sun isa. In aka toshe, sai sun zagaya ta bayan kasuwa sun tsallake kwari marar gada, wurin da ko mai ƙafa biyu sai ya tattare riga.

Malama ta je ta sami Injiniyan ofishin.

"Malama, hoto ba ya ƙarya," in ji shi.

"Bai yi ƙarya ba, yallaɓai. Sunkuyawa ce bai iya ba."

"To kawo mini shi a taswira. Ni ba na gina katanga da labari."

Ta dawo ta kunna wayarta yadda za ta riƙa zana duk inda aka bi da ita, ta ratsa lungun. Sai dai a ƙarƙashin kwano waya ba ta jin sama sosai. Layin ya fito a karkace, ya shiga ɗakin wani, ya ɓulla ta banɗakin wani. Da ta kai wa Injiniya, ya duba ya ƙyalƙyale da dariya: "Wannan ai kaza ce ta yi tono."

Tana fitowa ta tsaya a inuwar ofishin, ta daɗe tana kallon layin, sannan ta ce wa ɗalibanta, "Waya ɗaya ta ɓace hanya. Ɗari uku ba za su ɓace wuri ɗaya ba."

Saura kwana shida. Ta kafa tebur a bakin lungun, duk mai wucewa sai ta tare shi. Mai waya a kunna masa, marar waya a zura masa ta aro a aljihu, a karɓa a ɗaya bakin. Masu ɗiban ruwa, ma'aikatan asibiti, mata masu goyo, har mai gyaran rediyo da ya rantse shi ba a bin sawunsa, ƙarshe sau huɗu ya bi. Matar Tela kuwa ta ɗora wa mijinta waya biyu a cinya.

"Riƙe da kyau, Baban yara. Yau dai za ka yi aiki."

"Ke dai tura. Direban kirki ba ya surutu."

Akwai layin da kullum sai ya tsaya cak a tsakiya, minti biyar, sannan ya ci gaba. Ɗalibai suka ce a goge, kuskure ne. Malama ta hana, ta bi sawu: ashe wata goggo ce mai ciwon gwiwa, nan take dafa bango ta huta. Yau akwai benci a wurin.

Ranar ƙarshe, kafin a tashi daga aiki, ta ɗora layukan gaba ɗaya a shafin ofishin, ta je ta sa aka haska su a bango gaban Injiniya. Kowane layi shi kaɗai tangaɗi yake yi kamar mai maye. Amma da aka jibga su kan juna, sai tsakiyarsu ta yi baƙi ƙirin, ta miƙe sambal kamar igiyar da aka tufka, daga bakin titi har ƙofar asibiti. Injiniya ya cire tabarau ya goge, ya mayar.

"To, na ga hanya. Za a bar ƙofa, faɗin mutum ɗaya."

"Wane mutum?" in ji Malama.

Ta leƙa waje, sai ga Tela an turo shi. Ta durƙusa da tef ɗinta a gaban kowa, ta auna keken daga taya zuwa taya.

"Malama, haɗa da gwiwar hannunsa," in ji matar. "Ba ya zama kamar mutane, bajewa yake yi kamar shi ya gina gidan."

Aka yi dariya, amma Malama ta auna da gwiwar, ta ƙara tafin hannu a kowane gefe, ta rubuta lambar ta miƙa. Da wannan lamba aka gina ƙofar.

Ke ce kika koya wa taswira sunkuyawa, Malama. Ke ce kika ɗauki tafiyar talaka, wadda iska ke sharewa kafin yamma, kika mai da ita hujja a teburin manya. Tsinin allura, ba ki da amo sai aiki. Ba a sa sunanki a allon tashar ba, na je na duba har bayansa. Mun gode. Allah ya huta gajiyar ƙafafun nan, ya sa ɗalibanki su gaji taurin kanki.

Ku kuma masu zana mana birni, kafin ku ja layi ku sauko ku taka. Mu jama'a, shafin nan yana buɗe, kada mu bar shi ya yi ritaya tare da ita. Wanda ya san rami ko inuwa ya je ya sa alama. Wanda kuma ke shakka, ya zo bakin tasha ranar Litinin da hantsi. Zai ga keke ya nufo ƙofa, matar na faɗa, Tela ya baje gwiwa son ransa, ya wuce bai goga bango ba.