Ranar da Aka Zo Gaisuwar Babana Yana Raye

Ko zan manta komai a rayuwata, ba zan manta wata ranar Laraba a gidanmu na Rumde Ajiya, cikin Garwa, ba.

Babana tsohon ma'aikacin gwamnati ne. Bayan ritaya idonsa ya mutu, sai ya zama ni nake ɗaukarsa a babur duk ƙarshen wata zuwa tsohon bankinsa. A can tsofaffin abokan aikinsa ke haɗuwa ƙarƙashin wata darbejiya, su karɓi fansho, su yini suna tsokanar juna. Suna da al'ada: wanda aka daina gani, kuma ba a ji daga gare shi ba, to ya riga mu gidan gaskiya, sai su haɗu su je gidansa gaisuwa.

Ni kuwa na gaji da wannan yinin, kuma, in faɗi gaskiya, idona na kan kuɗin. Na lallaɓa shi ya dangwala hannu, na mayar da fanshon wani banki mai katin cire kuɗi a inji. Katin yana aljihuna, wayarsa ma na riƙe na kashe.

"Yaushe za mu je wurin mutanena?" yakan tambaya.

"Baba, yanzu inji ke biya. Ka huta."

Watanni suka wuce. Ranar Larabar nan, bayan azahar, na fito zaure na tarar da tsofaffin abokan aikin Baba cikin fararen riguna sun zauna a tabarmarmu. Har wani daga garin Figil mai nisa ya zo. Babbansu ya kama hannuna, hannunsa sanyi ƙalau.

"Ɗana, sai haƙuri. Allah ya jiƙan Alhaji."

Suka ɗaga hannu suka fara addu'a, suna kiran sunan babana, suna roƙon a haskaka masa kabari. Can sai na ji wata murya a bayana, a hankali: "Amin."

Yana tsaye bakin ƙofa, ya dafa bango, fararen idanunsa na kallon sama da kawunanmu. Wani tsoho ya zabura, carbinsa ya tsinke, 'ya'yan suka watse. Na yunƙura zan yi bayani.

"Bar su su gama," in ji Baba. "Ba su yi ƙarya ba. An daɗe da binne ni a ɗakin nan."

Bai taɓa zagina ba. Washegari na fara zirga-zirgar mayar da asusun inda yake. Kafin takardun su fito, mutanen nan sun dawo tabarmar gaisuwar gaske, wannan karon ba mai amsawa daga bakin ƙofa.

Har yau ina jin amin ɗin nan. Na gane cewa ba kuɗi tsoho yake zuwa karɓa ba, zuwa yake a gan shi da rai. Wanda ya raba shi da wannan ya fara haƙa masa rami. Allah ya yafe mini.