Shekarun da Hedimasta Ya Ba Baba

Shekara tara ke nan da rasuwar Baba, Allah Ya jiƙansa da rahama. Yau kuma ranar haihuwarsa ce, ko in ce ranar da takarda ta ce an haife shi, domin shi kansa bai san ainihin ranar ba, kuma bai taɓa ɓoye wa kowa ba.

Yadda ya ba mu labari, ranar da aka kai su firamare a ƙauyensu, hedimasta ya jera su a gindin bishiya, ya ce kowa ya ɗora hannu ta saman kai ya kamo kunnensa na ɗaya gefen. Wanda hannunsa ya kai ya isa shiga aji. Baba kuwa tun yana yaro dogo ne, ga dogon hannu, ya kamo kunne har da rara. Hedimasta ya dube shi sama da ƙasa ya rubuta masa shekara tara, ya sa ranar a matsayin ranar haihuwarsa. Kakarmu har ta koma ga Allah tana cewa shekararsa shida a lokacin, kuma ita ta haifi abinta.

Wannan ranar ta aro ita Baba ya mayar sallarsa ta uku a gidanmu na Gyadi-Gyadi. Malamin jinya ne a babban asibiti, mutum mai kwarjini a bakin aiki, amma a wannan ranar in ya dawo bayan la'asar, ya jingine babur, sai ya baje a tabarma ya ce shi yau jariri ne. Ba a aiken jariri, ba a yi wa jariri faɗa, kuma kowa ya kawo kayan barka. Mu yara mu yi ta kawo masa goro da alawa, shi kuma ya kwance ƙunshin tsire da gurasa ya raba mana. Inna, mahaifiyarmu, tana daga bakin murhu za ta ce, "Malam, don Allah ka girma!" Ya ce ai sai an yi suna tukuna. Ni da na ci sunan mahaifiyarsa, "Uwata" yake kirana, don haka ni ce mai jego, ni ake ba tsoka mafi girma.

Wanda ya gan shi a wannan tabarma ba zai yarda cewa mutumin nan in ya ce a'a ya gama magana ba. Da ritayarsa ta matso, wani abokin aikinsa ya zo har gida ya ba shi shawara ya je kotu ya yi takardar rantsuwa, a rage masa shekara ukun nan da hedimasta ya ƙara masa. Ƙannena uku suna makaranta a lokacin. Inna ma ta sa baki, ta ce wannan ai ba ƙarya ba ce, gyara ne, kowa ya san tsohuwa ta fi hedimasta sanin ɗanta.

Baba ya ce, "Da takardar nan na riga sa'o'ina shiga aji, da ita na riga su samun aiki. Na sha zaƙinta shekara da shekaru ban ce uffan ba, yau da ɗacinta ya zo sai in ce ba tawa ba ce? Kowa ya ci ladan kuturu ai sai ya yi masa aski." Fuskar Inna ta haɗe. Sai ya juya wajen baƙon ya ce, "Kuma ni da nake jariri duk shekara, in ka rage min uku ai sai a mayar da ni ciki." Baƙon ya ƙyalƙyale, Inna ta juya baya don kada a ga tana dariya. Haka maganar ta mutu, ba wanda ya tashi da ɓacin rai. Ya ajiye aiki a kan lokaci, gida ya ji a jika, tsiren ranar haihuwa ya koma ƙuli-ƙuli. Ya ce mana likita ne ya hana jariri cin nama.

Nakan tambayi kaina me zai ce da Tarauni ta yau, inda shagunan kek suka cika titi, yaro ɗan shekara ɗaya a yi masa biki har da mai ɗaukar hoto. Na san zai ce an sace masa fasaha. Amma wallahi bana ba wannan ce tambayar da ke cina ba.

'Yata Rukayya, wadda Baba yake tsokana da amaryarsa, ta bi sawunsa ta karanta aikin jinya. Marainiya ce, ni kaɗai na rage mata. Yajin aiki ya cinye mata lokaci a makaranta, zaman jira ya cinye saura. Makon jiya aka buɗe ɗaukar ma'aikata a wani wuri, da iyakar shekaru, ita kuma ta haura da wata bakwai. Wata bakwai kacal! Ta same ni a tsakar gidanmu na Darmanawa ina tsince shinkafa, ta durƙusa ta ce, "Umma, ki raka ni kotu ki sa hannu. Duk ƙawayena haka suka yi."

Ni na haife ta, na san ranar, na san har ruwan da aka yi da safen. Na ce mata ba zan iya ba. Da a nan na tsaya da sauƙi. Sai na ɗaga murya, na ce jikar Malam ba ta cin abinci da ƙarya, na ce ta ba ni kunya da har ta iya buɗe baki. Ta ɗago ido cike da hawaye ta ce, "Umma, to gaskiyar ce za ta ɗauke ni aiki?" Ta tashi ta shige ɗaki. Tun ranar, daga "ina kwana" sai "sannu da gida". Jibi ake rufe karɓar takardu.

Ban canza ra'ayi ba, kuma ba zan canza ba. An ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, kuma na daɗe ina alfahari ni ce na gaje shi. Sai yanzu na gane rabin gadon na ɗauka. Baba yakan hana ka abu ka tashi kana dariya, ka koma gida kana ƙara son sa. Ni na hana, na kuma bar ciwo. Da yana nan, da ya zauna kusa da ita ya ce amarya ta yi tsufa, zai sake ta ya nemo yarinya, har sai ta yi murmushi, sannan ya faɗa mata abin da na faɗa, ta kuma ji. Ina kewarsa, kewar da ban yi irinta ba ko a shekarar farko.

Ɗazu da rana na tsaya a ƙofar ɗakinta, ina laluben magana ɗaya tak irin tasa wadda za ta sa ta dariya. Na daɗe a tsaye ban samu ba. Daga ƙarshe na ce, "Rukayya, abincinki yana hucewa." Ta ce, "To, Umma," ba ta buɗe ƙofar ba.

Allah Ya haskaka kabarinka, Baba. Ka bar min taurin kan, ka tafi da dariyar, ga amaryarka can a ɗaki ban san yadda zan fito da ita ba.