Masinjan da Ba Ya Buɗe Takarda

Kawuna, yayan mahaifiyata, masinja ne a ofishin ilimi na gundumarmu, shekara ashirin da shida ke nan. A unguwa ba mai kiran sunansa, yara da manya Baba Masinja suke cewa. Gajere ne mai saurin tafiya, yana da jakar fata da aka sake wa maɗauri sau uku, da wani tsohon keke da matarsa take cewa tun daga kwanar layi take jin tarinsa kafin ta ji na mai shi.

Yawancin shekara aikinsa tsakanin ofis ne da makarantu bakwai. Amma idan aka yi dogon hutu, ofishin yakan buga takardar labarai ga iyaye, shafi huɗu, a ninke ta biyu a maƙale bakinta da fil. A ciki akwai hotunan yaran da suka ci kyauta, da ranar komawa makaranta, da malaman da aka sauya wa wurin aiki, da ajujuwan da za a yi wa fenti. Sauran makarantu a ɗaure ake tura musu nasu. Na ƙaramar makarantar unguwarmu kuwa Kawu ne yake rabawa da hannunsa, gida ɗari da talatin, domin a nan yake zaune.

Gaskiyar magana ba mai karanta takardar nan. Rubutun ƙanana ne, maganar kuma irin ta ofis. Mata sukan leƙa shafin farko ko ɗansu ya fito a hoto, sannan su cusa ta ƙarƙashin katifa. Abin da kowa yake yi shi ne ya tambayi mai kawowa: "Baba, me ke ciki bana?" Shi ya sa kafin ya fita yakan tsaya gaban teburin Sakataren Ilimi, Sakatare ya faɗa masa muhimman abubuwa, shi kuma ya maimaita har su zauna masa. Daga nan duk ƙofar da ya tsaya sai ya zayyana su, ya ƙara da 'yar tsokana.

Ba wai bai iya karatu ba. Yana karantawa a hankali, da yatsa a kan layi. Sai dai tun ranar da ya kama aiki ya ɗauki wata ƙa'ida, kuma da ita yake alfahari. Ya sha gaya mini, "Abin da aka ba ni a rufe, a rufe nake kai shi. Na ɗauki takardar korar mutum, na ɗauki ta ƙarin girma, ban taɓa ɗaga ɗaya a hasken rana ba." Kowa a ofis ya san haka. Sakatare ya fi kowa sani, domin yana saurayi aka turo shi koyarwa a ƙaramar makarantarmu, Kawu ne ya samo masa ɗaki, kuma da zazzaɓi ya kwantar da shi matar Kawu ce ta yi jinyarsa mako biyu. Ko bayan ya hau kujera, Baba yake kiransa.

A ƙarshen zangon bara aka ga wasu mutane da abin awo suna zagaya katangar makarantar. Nan da nan magana ta bazu cewa za a rufe ta, a mayar da yara babbar makarantar da ke tsallaken babban titi. Ba wanda hankalinsa ya tashi kamar Mai Ɗinki, wata mata da shagonta yake jingine da bayan makarantar. 'Yarta mai shekara tara da sanduna biyu take tafiya. Daga bakin shago zuwa ajinta taku arba'in ne, uwar tana kan keken ɗinki tana hango ta har ta shiga. Babbar makarantar kuwa sai an ƙetare titin manyan motoci, kuma 'yan aji huɗu a saman bene suke.

Mai Ɗinki ba ta zauna ba. Ta yi ta zarya har ta samo wa yarinyar gurbi a wata makaranta ta gundumar da ke maƙwabtaka da mu, wadda ke da motar ɗaukar yara masu lalura daga ƙofar gida. Gurbi ɗaya ya rage, aka ce ta zo ta sa hannu kafin Juma'ar farko ta hutu. Amma ita ranta yana nan kusa, inda malama ta san yarinyar, inda za ta iya kai mata ruwa idan rana ta take.

Ranar Litinin ta farkon hutu, da Kawu ya tsaya gaban teburin Sakatare, bayan an gama lissafa masa fenti da darasin hutu, sai ya yi tambayar da aka ɗora masa.

"Ranka ya daɗe, maganar rufe makarantarmu fa? Ko ruwa ba na iya sha a unguwa saboda tambaya."

Sakatare ya ce, yana sa hannu a wata takarda, "Jita-jita ce, Baba. Katanga za a gyara. Ka ce musu su kwantar da hankalinsu."

"In faɗa da bakinka?"

"Ka faɗa da bakina."

Kwana uku ya yi yana rabawa. Ya ce bai taɓa jin daɗin rabon takarda irin na wannan shekara ba. Duk gidan da ya faɗi labarin sai a yi hamdala, wasu har su cusa masa lemo a jaka. Da ya iso shagon Mai Ɗinki ranar Laraba, ta tsayar da keken ɗinkinta ta zare fil ɗin da take riƙe da shi a baki.

"Baba, kada ka faranta mini rai a banza. Jibi ne fa ranar ƙarshe."

"Ke dai kin fiye ƙorafi. Daga bakin Sakatare na ji, ba a bakin rijiya ba."

"Ka rantse?"

"Shekara nawa ina kawo miki takarda? Na taɓa ce miki fari ya fito baƙi? Bar yarinya inda take. Ki ɗinka mata sabuwar riga, wannan ta ɗage."

Ta yi dariya, ta jefa takardar kan tarin ƙyallaye. Juma'a ta zo ta wuce, ba ta je ta sa hannu ba.

Bayan kwana goma sha shida tana neman takardar da za ta yanka samfurin wuyan riga, sai ta jawo wannan, ta ɓalle fil ɗin. Almakashi na hannunta ta ga sunan makarantar a ƙasan shafi na uku.

Ina gidan Kawu da safiyar nan, na kawo saƙon mahaifiyata. Yana tsakar gida yana zuba wa sarƙar keke mai. Mai Ɗinki ta shigo ba ko sallama, abin awo rataye a wuyanta, ta ajiye takardar a kan sirdin keken.

"Karanta, Baba Masinja. Yau dai buɗe ka karanta."

Matar Kawu ta fito daga ɗakin girki. "Lafiya, 'yar nan? Ko gaisuwa babu?"

"Inna, ki bar ni. Shi nake so ya karanta da bakinsa, bakin nan da ya ce mini in ɗinka riga."

Kawu ya goge hannu a wandonsa, ya ɗora yatsa a layin. Muna tsaye ya bi kalmomin ɗaya bayan ɗaya. An haɗe ƙaramar makarantar da babbar daga farkon sabon zango. Duk mai ƙorafi ya rubuto wa ofis cikin kwana goma sha huɗu daga ranar da takardar ta iso hannunsa. Ya kai ƙarshe, ya koma farko. Man sarƙa ya bar baƙin zane a ƙarƙashin layin.

Mai Ɗinki ta ce, "Gurbin can an ba wani, yanzu na buga waya. Yanzu kai za ka riƙa goya mini ita zuwa saman bene?"

Kawu ya sa takalmi, ya fita a ƙasa, ya bar keken a wurin.

Abin da ya faru a ofis shi ya ba ni labari daga baya. Ya ce a karon farko ya shiga ba tare da ya ƙwanƙwasa ba. Sakatare ya ga takardar a buɗe a hannunsa, sai ya sallami mai buga masa takardu, ya rufe ƙofa.

"Zauna, Baba."

"A tsaye ka aike ni, a tsaye zan ji. Ranar da ka ce mini jita-jita ce, an riga an buga wannan?"

"An buga."

"Tana cikin jakata?"

"Baba, daga sama aka yanke. Ƙa'ida ta ce a sanar da iyaye a rubuce, an sanar. Da na gaya maka, da ka gaya musu, da sun cika mini harabar nan, ƙarshenta kuma a rufe ɗin dai."

"To me ya hana ka tura a ɗaure, kamar na sauran makarantu?"

Sakatare ya yi ta juya biro a hannu. Can ya ce, "Da wani ne ya kai, da sun buɗe."

Kawu ya dafa kujerar da ya ƙi zama a kai. Sakatare ya zagayo yana cewa za a duba maganar yarinyar, a yi haƙuri, ai mu ɗaya ne. Kawu ya ce masa, "Matata ce ta riƙa ɗaga kanka tana ba ka magani da cokali." Ya fita ya bar ƙofar a buɗe.

Bai ajiye aiki ba. Saura shekara biyu ya yi ritaya, kuma akwai yara uku a gabansa. Abin da ya yi shi ne, washegari ya sake bin gidajen nan ɗari da talatin, a ƙasa, da takardar a buɗe. Kowace ƙofa sai ya ce, "Maganar da na faɗa muku ba haka take ba," sannan ya karanta shafi na uku da yatsa. Mako guda ya ɗauka. Wani mai gyaran rediyo ya tambaye shi nawa aka ba shi. Wata tsohuwa ta ce, "Allah sarki, kai ma an yi da kai." Da yawa sun saurara kawai, suka saki labule. Iyaye sittin da wani abu suka sa hannu a takardar ƙorafi, shi ya kai ta ofis da kansa, aka buga mata hatimi cewa ta iso bayan wa'adi.

Maganar yarinyar ba a duba ba. Kawu ya je babbar makarantar sau huɗu yana roƙon a sauko da aji huɗu ƙasa, shugaban ya ce sai da izinin ofis, ofis ya ce sai an zauna. Da hutu ya zo ƙarewa, Mai Ɗinki ta yanke shawarar tura 'yarta wajen yayarta a wani gari, inda makaranta take kusa da gida kuma ba bene.

Ranar tafiyar Kawu ya je shagon da littattafan rubutu guda shida da ya saya. Na raka shi, don ya ce ba ya son zuwa shi kaɗai. Yarinyar tana zaune a kan akwatinta a bakin ƙofa, sandunan a jingine, ta ce, "Ina kwana, Baba Masinja," kamar kullum. Uwar tana ciki tana ɗaure ƙunshin kaya. Ta ga littattafan, ta ga mai su.

"Ba ta, ita ce mai karatu," ta ce.

"'Yar nan, ni dai..."

"Na sani, Baba. Na san ba ka sani ba. To in yi yaya da sanin? Yarinyar da ko kwana ɗaya ba ta taɓa yi ba tare da ni ba."

Motar haya ta tsaya a bakin layi. Kawu ya sunkuya zai ɗauki akwatin, Mai Ɗinki ta riga shi, ta ɗora a ka, ta ce wa 'yarta ta yi a hankali da kwatar nan. Muka tsaya a gaban shagon har suka shiga. Ba ta waiwayo ba, yarinyar ce ta ɗaga littattafan ta taga.

A hanyar gida ya tsaya a inuwar wani shago, ya ce in ɗan jira. Muka zauna a kan benci. Ya daɗe yana kallon titi, sannan ya tambaye ni ko na san tsawon tafiyar garin nan a mota. Na ce awa biyar. Ya ce, "Awa biyar."