Sherifa, wadda ta sauke gaisuwa daga saman shafi

Duk mai bin layinmu a unguwar Nyohini, nan Tamale, da safe ya san kwantenar nan mai shuɗin fenti da ke kallon shagon ɗinkina. Kafin mai koko ta kwashe ƙosan farko, Sherifa Mahamudu ta iso a kan ɗan babur ɗinta, jakar kwamfuta a baya. Za ta buɗe, ta share, ta kunna fanka in akwai wuta, ta ƙetaro titi ta gaishe ni, ta tambayi iyalina ɗaya bayan ɗaya har da jikan da aka yaye. Sannan ta koma ta zauna, sai ƙarar maɓallai har azahar. Shekara goma da ɗoriya muna haka. Ƙarshen watan nan za ta rufe kwantenar, domin likita ya ce idanunta sun gaji da hasken allo, in ta ci gaba za ta yi da-na-sani. Shi ya sa na ajiye almakashi na ɗauki alƙalami, ni da rubutu ba sana'ata ba.

Idan ka tambayi mutanen layin me Sherifa take yi, wani zai ce buga takardu, wani ya ce gyaran waya. Akwai tsohuwar da har gobe ta yi imani caca take bugawa. Ainihin aikinta shi ne rubuta shafukan intanet ga masu ƙananan sana'o'i, ta tsara su yadda injin bincike irin Google zai gane abin da suke magana a kai, ya nuna su ga mai nema. Ta taɓa yi mini bayani daidai ƙwaƙwalwata.

Ta ce, "Baba tela, in mutum ya shigo yana son rigar Sallah, ai ba ka tsayawa kana cewa riga, riga, riga. Kana tambaya wane yadi, wane aiki, yaushe zai karɓa. Injin ma yanzu haka yake. Maimaita kalma ba ya burge shi ko kaɗan, yana duba ko ka san maganar daga kai har ƙafa."

Saboda haka ba ta rubuta layi ɗaya sai ta je inda ake sana'ar ta zauna. Ta zauna da masu nono a bakin gari har ƙudaje suka saba da ita. Ta zauna da masu saƙar batakari, rigar gargajiyarmu. Kunne kawai take kasawa, ta ji me masu saye ke tambaya. Kowace tambaya ta zama kan magana, amsarta na biye a ƙarƙashi ba kwana-kwana, sannan ta ɗaure shafi da ɗan'uwansa yadda mai karatu zai bi daga wannan zuwa wancan bai ɓata ba. Abin da ba ta gani da idonta ba kuwa, ba ta rubuta shi. A gabana ta sallami wani mai magani daga Kanvili da ya so ta rubuta cewa kwalbarsa ɗaya na warkar da basir da hawan jini da rashin miji. Ya fita yana ƙunƙuni, ita kuwa ta bi shi da a gaida gida.

Amma abin da ya sa nake wannan rubutu ya faru ne a unguwar Kukuo.

Akwai ƙungiyar mata a can masu yin man kaɗanya, shugabarsu Mma Sanatu, gwauruwa, Badagomba, mai hannu kamar taɓarya saboda bugun mai. Mansu kuwa ba a magana. Sai dai masu saye sun ja baya, tukwane sun fi kwana a kife. Kuma duk ɗan Tamale ya san abin da ke biyo baya idan aiki ya mutu a gidan mata: 'yan mata su ɗaure kaya su hau mota zuwa Kumasi ko Accra, su yi dako a kasuwa da kwano a ka, abin da muke kira kayayo, su kwana a bakin shaguna. Mma Sanatu 'ya ɗaya ta rage mata a gida, Adizatu, kuma ta fara maganar tafiya.

Ranar da Mma Sanatu ta zo kwantenar ina wurin, na kawo wa Sherifa ɗinkinta. Ta zauna ta yi magana da Hausarmu ta kasuwa wadda ba ruwanta da raba mace da namiji.

"Ɗiya na, an ce kai kana sa mutane su ga kaya a waya. Mu ma muna da shafi, ya daɗe. Ko kare bai kira mu ba. Adizatu ya ce in damina ya wuce ba aiki, zai tafi. Ni ba na so ya tafi."

Sherifa ta buɗe shafin, na leƙa ta bayanta. Wani ɗan unguwa ne ya taimaka musu da shi tun tuni, kuma matan da kansu suka faɗa masa abin da zai rubuta. Sun yi shi yadda duk ɗan halak na garin nan zai yi. Aka fara da sunan Allah da salati, aka gaida sarakuna da limamai, aka gaida Alhaji Tahidu, dattijon da ya ba su aron filin da suke aiki, ga hotonsa ya cika allo da babbar riga. Aka yi addu'a ga matan da suka kafa ƙungiyar suka rasu. Aka gaida baƙo, aka tambaye shi gajiyar hanya. Sai ka gangara, ka gangara, yatsa ya gaji, can ƙasa ka tarar da layi biyu: muna kuma sayar da man kaɗanya.

Ni dai wallahi ban ga aibinsa ba. Shafi ne mai tarbiyya. A Tamale wa ke shiga gidan mutane ya faɗi abin da ya kawo shi kafin ya durƙusa an yi ta amsa gaisuwa da naa, naa har gwiwa ta yi sanyi?

Sherifa ta ce, "Mma, injin ya karanta shafin nan ya ɗauka na gaisuwa ne. Dole mai ya hau sama, gaisuwa ta koma wani ɗaki."

Mma Sanatu ta dafe ƙirji. "Mu sauke Alhaji? A fili nashi muke! In ya ji haushi ya kore mu, ina za mu sa tukunya? Kuma mu fara da ciniki ba sallama, kamar ba a haife mu ba?"

Nan ne na ga abin da ya raba Sherifa da sauran masu taɓa kwamfuta. Da wani ne, sai ya gyara abinsa a ɓoye, tunda ba mai dubawa, ko ya ce tsofaffi ba su waye ba. Ita ta san gaisuwar nan ba shirme ba ce, da ita matan ke riƙe da filinsu da mutuncinsu. Sai ta ce ba za ta taɓa ko harafi ba sai Alhaji ya yarda da bakinsa. Ta sayi goro, ta zo ta ce in raka ta, domin yarinya ba ta tunkarar babban mutum da irin wannan magana ba dattijo a gaba.

Muka same shi a zaure bayan la'asar. Jama'a, ban taɓa ganin gaisuwa irin ta ranar ba. Yarinyar da ta zo rage gaisuwa ita ta durƙusa ta gaida Alhaji, da matansa, da gonarsa, da shanunsa, da ciwon ƙafarsa na bara. Ni kaina sai da na fara gyangyaɗi. Da aka natsa, na gabatar da ita, ta roƙe shi ya ciro wayarsa.

"Alhaji, a nemi man kaɗanya na Tamale."

Aka nema. Shafuka suka fito rututu, na Accra, na ƙasashen waje, babu na matan Kukuo ko a shafi na nawa.

"To yanzu a nemi sunan Alhaji."

Sai ga shi tsulum a sama, da babbar rigarsa, yana murmushi.

Alhaji ya daɗe yana kallon kansa. Ni kuwa ina tunanin ta inda za mu fita. Can sai ya tuntsire da dariya har hularsa ta karkace.

"Ashe duk shekarun nan ni matan nan suka kai kasuwa! To wa zai saye ni, tsoho da ciwon ƙafa? Sauke ni, 'yata, sauke ni." Ya goge ido, sannan ya ɗaga yatsa. "Amma matan da suka rasu, kar ki taɓa addu'arsu."

Ba ta taɓa ba. Ta yi wa gaisuwa da addu'a shafinsu na musamman, mai tarihin ƙungiyar, da sunayen mamatan, da Alhaji da rigarsa, ta sa ƙofar shiga inda kowa zai gani. Ga Mma Sanatu kuwa ta ce, "Mma, wanda ya zo ta injin bincike ya riga ya yi sallama da tambayarsa. Yana tsaye a rana. Ladabi shi ne a amsa masa." Mma Sanatu ba ta ce ta gamsu ba, ta dai ce tunda Alhaji ya yarda, shi ke nan.

Daga nan Sherifa ta tare a Kukuo. Ta ga yadda ake fasa ƙwarar kaɗanya, a soya, a niƙa, a buga da hannu cikin ruwa har mai ya taso fari, a tafasa, a tace. Ta dawo kullum tana ƙanshin hayaƙi. Ta rubuta shafi a kan me ya sa wani man fari ne wani rawaya, wani a kan yadda ake ajiye shi kada ya yi ɗoyi, wani a kan wanda ya dace da sabulu da wanda ya dace da girki. Ta rubuta su waye ke yinsa, a wace unguwa, a wane lokaci na shekara. Kowane hoto ta yi masa bayani, domin injin ba ya jin ƙanshi, sai abin da aka gaya masa.

Sai aka shiga jira, kuma jiran ya yi tsawo. Tun farko ta gaya musu irin wannan aiki ba ya nuna kansa a mako ɗaya, ta ƙi yin alkawarin rana. Damina ta wuce, waya ba ta yi ƙara ba. Wata safiya Adizatu ta hau motar Kumasi.

Mma Sanatu ta zo kwantenar, ba ta ko zauna ba. "Kai ka sa muka sauke gaisuwa. Ga shi yarinya na ya tafi." Ta juya. Na ji zafin maganar har cikin raina, domin na san ba a yi wa Sherifa adalci ba, kuma na san uwa ce ke magana. Sherifa ba ta kare kanta ba. Na hango ta ta kifa kai a kan tebur, ta daɗe a haka. Washegari ta hau babur ta koma Kukuo, wurin mutanen da ba sa amsa gaisuwarta da daɗi, ta ci gaba da tambayarsu yadda ake gane ƙwarar da ta sha ruwa.

Ke ce wannan, Sherifa. Ke ce mai rubutun da ba a sa sunanki a ƙasa, mai gyara ƙofar wasu ki koma gefe. An zarge ki a kan abin da ba ki yi alkawarinsa ba, kika haɗiye, kika koma bakin tukunya. Na ɗinka wa manyan mutane riguna a garin nan, na ji yadda suke yabon kansu, ban ga wanda ya kai ki haƙuri da aikin da ba a tafa masa ba.

Kiran farko daga wata mai yin sabulu a Takoradi ya zo. Ta ce tana neman dalilin da ya sa wani man yake rawaya ne ta faɗo shafinsu, ta karanta, ta ga waɗannan sun san abin da suke yi. Ta gwada, ta dawo, ta kawo ƙawarta. Bayanta wasu suka biyo. Ba zan ce matan Kukuo sun yi arziki ba, ƙarya ba ta cikin abin da na zauna rubutawa. Amma an tayar da tukwanen da ke kife, har hannu ya yi kaɗan, aka fara aika wa 'yan matan da ke kudu cewa akwai aiki a gida.

Ba duka suka dawo ba. Wasu sun yi nisa, wata ma ba a san inda take ba har yau. Adizatu ta dawo gab da azumi, ta rame, wuyanta ya ƙage saboda kaya, sai ta juyo da jiki duka in an kira ta. Yanzu ita ke kula da suyar ƙwara, kuma an ce ba ta da sauƙi.

Makon jiya, da labari ya kai Kukuo cewa Sherifa za ta rufe, Mma Sanatu ta zo a yelo-yelo, keken haya mai ƙafa uku, da ƙwaryar mai a cinya. Ta ajiye a kan tebur, wannan karon ta zauna. Sherifa ta fara cewa ai aikin matan ne, ita rubutu kawai ta yi. Tsohuwar ta katse ta.

"Yi shiru. Ni ban iya karatu ba, shafi ɗin ma ban taɓa karanta shi ba. Na faɗa maka magana mai zafi, ka yafe ni. Yarinya na yana kwana a ɗaki na. In na tashi asuba ina jin numfashi nashi."

Na koma shagona na yi kamar ina neman allura, don kada a ga idona.

Mun gode, Sherifa Mahamudu. Allah ya ba idanunki lafiya, ya saka miki da abin da mu ba za mu iya ba. Ku kuma samari da 'yan matan Tamale da kuka iya kwamfuta kuke ta neman aikin kamfanonin waje, ban hana ku ba, amma ku waiwayo. Akwai masu nono, da masu saƙa, da masu daddawa, da kaya masu kyau da ba wanda ya san da su. Ku je ku durƙusa ku gaishe su yadda ya kamata, ku zauna ku saurara, sannan ku rubuta. Har yanzu akwai uwaye a Kukuo da ke shimfiɗa tabarma biyu su kwana a kan ɗaya.