Muryar Kakata da Finafinan Yayana

Shekarun baya, lokacin kakata tana raye, duk Juma'a nakan je gidanmu na Ƙofar Ran in zauna gabanta ina ɗaukar muryarta a waya. Tarihin zuri'armu, waƙoƙin daka, wa ya haifi wa, duk na kwashe. Da ta rasu, abin da ya rage mini ke nan.

A lokacin ji nake babu wanda ya kai ni wayewa. Na juye komai a kwamfuta, na sayi faifan ajiya na waje, na sa manhajar da ke daidaita su: da zarar na jona, abin da ya canza a ɗaya sai ta canza shi a ɗayan. Na goge na wayar, ina ta yi wa mutane wa'azin ajiya biyu.

Sai yayana ya zo aron faifan, wai masu turi za su zuba masa finafinai. Raina bai so ba, amma wa ya isa ya hana babban wa? Na miƙa masa, na ce, "Yaya, don Allah a kula."

Bayan kwana uku ya dawo da shi. Na jona, na tafi alwala. Ashe wuri ne bai isa ba a shagon, yayana ya ce a goge foldar kaka. Manhaja kuwa da ta ga an goge a faifai, sai ta bi ta goge a kwamfuta. Kafin in dawo ta gama aikinta tsaf.

Na same shi a zaure, na faɗa masa abin da ya faru. Ko gezau.

"Ba kai ka ce akwai a kwamfuta ba? Kofi fa na goge."

"Yaya, muryar uwar ubanmu ka share saboda fim ɗin Indiya?"

"To ka yi haƙuri mana. Ka bi ka tayar da hankali sai ka ce wani ya mutu."

Wallahi ban taɓa jin magana ta ƙona mini rai irin wannan ba. Ko tambayata bai yi ba, ko kiran waya ɗaya.

Ni ma na ƙara nawa shirmen: na kwana biyu ina jagwalgwala kwamfutar da kaina, kafin in kai wa wani mai gyara ɗan Kudu kusa da Kasuwar Muda Lawal. Ya duba ya ce, "Oga, ka ɓata shi da yawa." Guntu ɗaya ya iya cetowa.

Mun shirya da yayana tuni, jini ba wasa ba ne. Na kuma gane manhajar daidaitawa ba ta san amana ba, ɓarna ma kwafa take. Yanzu faifaina biyu, ɗaya ko uban wa ya zo ba na ba da aro.

Amma har yau in na kunna guntun nan sai zuciyata ta tafasa. Babu tarihi a ciki, babu waƙa. Tari ta yi, sannan ta ce, "Kai mijin banza, kashe abin nan, tuwonka na hucewa."