Ranar da Kawu Sale Ya Manta da Matarsa a Hanyar Kwatano

Duk wanda ya zauna a Kwaciri a shekarun nan da kuɗin mai suka yi ambaliya, ya san Kawu Sale, wan mahaifiyata, da turin babur. Lafiyayyen babur, jan nan mai sheƙi, amma kullum da safe sai ya tura shi tun daga ƙofar gida har bakin kwalta kafin ya tayar. In an ce, "Malam Sale, fetur fa kamar kyauta yake yanzu," sai ya ce, "A Najeriya ne ba ya ƙarewa. A tankina yana ƙarewa!"

To, mutumin nan ne ya wayi gari ya ce zai kai matarsa, Inna Laure, yawon buɗe ido har Kwatano. Atamfa yake sayarwa a Kantin Kwari, kullum yana jin labarin teku a bakin fatake, ita kuwa Inna tunda take ba ta taɓa wuce Wudil ba. Abokansa na hawa jirgi zuwa Landan, shi ya ce a babur za su.

Bakaniken da ke yi masa gyara a Sabon Gari, Oga Obi, amininsa ne, kuma ya taɓa zama a Kwatano. Ya ce, "Malam Sale, zauna in koya maka Faransanci ko kalma goma ce."

"Obi, kai wa ya koya maka Hausa?"

"A nan na ji."

"To ka gani! Babu mahaluƙin da ba ya jin Hausa. Sai dai ba a ɗaga masa murya ba."

Haka suka tafi, tabarma da buta da tukunya a ɗaure a baya, Inna ta riƙe ƙugunsa tana ta salati. Sauran labarin daga bakinta na ji, ba sau ɗaya ba, ba sau goma ba.

A Maraɗi kowa Hausa yake yi, Kawu sai waiwayowa yake yana cewa, "Me na gaya wa Obi?" Sai da suka haye kogi suka shiga ƙasar Binin aka fara wasan. Wani jandarma ya tare su, ya dubi ƙurar da ta rufe su, ya ce, "Sa ba?" Ashe gaisuwa ce, wai lafiya?

Kawu ya ce, "Ina fa muka saba, ranka ya daɗe, yau muka shigo!"

Jandarma ya sake cewa, "Sa ba?"

"Na ce maka a hankali za mu saba!"

Mutumin ya gaji ya ɗaga musu sandar shinge suka wuce. Kawu ya ce, "Kin ji ko, Laure? Hausa ce, ta ɗan lalace ne kawai."

Gaba kaɗan mai ya yi ƙasa. Suka tsaya wurin wata mata mai jere da kwalabe. Kawu ya buɗe murya: "Fetur! Fetur!" Matar ta gyaɗa kai, ta ɗura masa kwalba biyu. Wa ya sani cewa a bakinsu kalmar da ke kama da fetur ɗin nan kananzir take nufi? Ba su yi nisa ba babur ya kama tari, ya turnuƙe daji da hayaƙi, ya mutu murus. Rana tsaka, ba gida gaba ba gida baya. Kawu ya kama ƙahon babur yana turi, gumi har cikin takalmi. Inna na biye da buta, ta ce, "Malam, ka yafe mini. Shekara da shekaru ina jin kunyar turin nan a Kwaciri, ashe atisaye kake yi."

Amma babban abin bayan an wanke tanki ya faru, a wani gari mai kasuwa a bakin hanya. Suka tsaya wata babbar mota ta wuce, Inna ta ɗan sauka ta gyara zaninta. Kawu ya ji ƙara ta lafa, ya ba babur wuta. Ya tafi yana ta zuba mata bayani a kan itatuwan kwakwa.

Na taɓa tambayarsa, "Kawu, yaya aka yi ka gane ba ta nan?"

Ya ce, "Magana uku na faɗa a jere ba a musa mini ba. Nan gabana ya faɗi."

Ya juyo a sukwane. Ya zo inda suka tsaya, babu Inna. Ga shi duk takardunta suna aljihunsa, ko sunan garin ba ta sani ba. Ya shiga kasuwa yana ihu, "Matata! Kun ga matata?" Mutane na kallonsa. Ya ƙara murya, suka ja da baya. Ya yi ta zagaye har la'asar, murya ta dushe ƙurmus. Daga ƙarshe ya zauna a ƙasa kusa da babur, ya dafa wurin zamanta, hawaye na zuba.

Sai wata tsohuwa mai sayar da manja ta matso. Ta dubi hannunsa a kan kujerar, ta dubi fuskarsa, ta kama hannun rigarsa ta ja shi cikin wani lungu. Ga Inna nan zaune cikin mata, an ba ta ruwa ta yi alwala, an cika ta da doya, har tana nuna musu yadda ake ɗaurin ɗankwali na Kano.

Inna ta ce da ta gan shi ta shirya masifa cikin baki fal. Sai ta ga leɓensa na motsi, ba sauti. Kawai ta miƙa masa doyar.

Sun dai isa teku. Kawu ya daɗe yana kallo, sannan ya ce cikin raɗa, "Ashe ruwa ne kawai."

Mu kuwa a gida, an ce mako biyu, ga shi an shiga na biyar shiru. Mahaifiyata ta daina cin abinci, Oga Obi kullum sai ya zo ya tambaya. Ran nan da hantsi sai ga motar goro ta tsaya a bakin layi, babur a ɗaure a sama, su biyu a zaune kan huhu, sun yi baƙi sun rame, suna gardama. Wayyo, guɗar da aka yi ran nan! Oga Obi ya rungume shi ya ce, "To, suna jin Hausa?"

Kawu ya ce, "Tsohuwa ɗaya ce ke ji. Ita ma sai da na yi shiru."

Daga nan har ƙarfinsa ya ƙare, bai sake tashin babur ba sai ya miƙa hannu baya ya taɓa gwiwarta. Ta riga shi tafiya da wata bakwai, kuma bai sake hawa ba.

Ya Allah, ka jiƙan Kawu Sale da Inna Laure. Ka haskaka makwancinsu, ka sada su a gidan rahama, kusa da juna.